Babu na Takwas: Shekara Shida da Rasuwar Kawu Idi Magini

Larabar da ta wuce Kawu Idi ya cika shekara shida a kabari. Da farko ba ni aka nema in yi wannan rubutun ba, 'yarsa Anti Rabi aka nema. Ta ce a'a, a ba Bashari, shi ke da abin da zai gaya wa mutane. Ina da shi kuwa. Kwana tara kafin mutumin nan ya rasu ya tambaye ni wata magana, na kalli idonsa na yi masa ƙarya, kuma ƙaryar ta zauna a aljihuna har damunar bana. Labarinta zan ba ku, amma sai kun fara sanin wanda aka yi wa ita.

Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan Agege aka haife shi, haka ma babansa. Kakansu goro ya kawo shi Ikko, bai koma ba. Yarbanci a bakin Kawu kamar Hausa, in yana faɗa ma da shi yake farawa. Yana saurayi aka tura shi Arewa wajen dangi, wai ya yi karatu ya kuma san kan fatauci. Ya yi shekara huɗu, ya dawo da ginin tukwane. Umma ta ce gidansu sai da aka yi wata ana jimami, ɗan masu goro guda ya dawo yana kwaɓa yumɓu. Bai kula kowa ba. Ya gina tanderu a bayan gida, can wajen layin dogo, ya yi shekara arba'in yana abu ɗaya.

Waɗanda suka san shi a jarida da tukwanen suka san shi. Tuluna masu dogon wuya, randuna baƙaƙe masu sheƙi kamar an shafa musu mai, da zanen da yake birgima musu da totuwar masara ko murɗaɗɗiyar igiya tun suna ɗanye. Mutanen Ikoyi da Turawa suna zuwa da mota su saya, ba don su zuba ruwa ba, don su ajiye a falo su kunna musu fitila. A unguwa kuwa Idi mai tukunya ne kawai, mata su aiko a ba su kaskon turaren wuta. Duka biyun yana amsawa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ranar buɗe tanderu zai ɗauki tukunya ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunne. In ƙarar ba ta yi masa ba, a nan take zai maka ta da katanga. Ko da ido bai ga tsagi ba, ko da mai saye yana tsaye yana roƙo a bar masa ita a haka. Cewa yake abin da ya fita gidan nan da sunansa, shi zai amsa tambaya a kansa. Tsingaron da ya tara a gindin katangar nan ya kai ƙugun mutum.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun hagu ya mutu. Tukunya kuwa hannu biyu take so, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ya yi shekara biyu zaune a kujera yana kallon tanderu, ba ya son a gaishe shi da jiki, ba ya son a ambaci yumɓu.

A lokacin ni kuma na gama zagayena na farko. Na bar makaranta a aji uku na sakandare, na yi okada, wato acaɓa, na yi kwandastan danfo, motar hayar nan ta Ikko, na koyi gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Ikeja, na yi faɗa da oga ya kore ni. Shekarata ashirin da biyu, ba na iya wata uku a wuri ɗaya. Umma ta gaji, ta tattara kayana ta kai ni gidan Kawu, ta ce ga marasa aikin yi biyu nan, su ƙarata. Anti Rabi ta tarbe ni da dariya ta ce madalla, an kawo mata bawanta. Ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, wannan wasan tun ina ƙarami muke yinsa, ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai bawa.

Cikin kayana akwai wata kwamfutar hannu mai fasasshen gilashi da wani kwastoma ya bari bai dawo ba. Wata rana ina zaune kusa da Kawu ina jan layi a kanta da yatsa don zaman banza, sai ya ce in miƙo. Ya ja layi ɗaya. Ya ja na biyu. Ya ce, "In na yi kuskure fa?" Na nuna masa inda ake dannawa a koma baya. Ya danna, layin ya ɓace. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Yumɓu ba ya yafiya haka." Ranar bai ba ni abata ba sai da cajinta ya ƙare.

Daga nan aiki ya tashi, kuma mu biyu muke yinsa. Ni ne nake tono tsingaro daga gindin katanga, in wanke, in ɗora a sikana in ɗauko hoton jikinsu, har ramin totuwa da ƙunar wuta duk su fito. Shi kuma ya ɗauki hotunan nan ya yanka, ya juya, ya ɗora wannan kan wancan, ya zuba launi da hannunsa ɗaya. Jar ƙasa, baƙin hayaƙi, wani shuɗi da ya ce duk shekarunsa wuta ta hana shi samu. Abu ɗaya sai ya ci masa wata biyu. In ya gama mu hau danfo zuwa Mushin wajen Oga Wale, wani Bayarabe mai shagon buga hotuna, wanda ke da babbar firinta da wata takarda mai kauri kamar ƙyalle. Abin da ke fitowa daga injin nan, wallahi, sai ka kai hannu ka taɓa don ka tabbatar ba yumɓu ba ne.

Masu gidajen nuna zane da suka ɗauka ya gama yayi, suka dawo suna sallama. Wasu abokan sana'arsa kuma suka ce tsufa ya sa Idi wasan yara, ya bar aikin hannu ya koma latse-latse. Wani ya faɗa masa a fuska cewa abin da inji zai iya tofowa sau dubu ba aiki ba ne. Maganar nan ta zauna masa, don ya san akwai gaskiya a cikinta. Shi ya sa ya kafa doka.

Kowane zane bakwai yake bugawa, don tanderunsa manyan randuna bakwai yake ɗauka a gashi ɗaya. Zai rubuta lamba a ƙasa da fensir, ɗaya cikin bakwai, biyu cikin bakwai, ya tsoma babban yatsa a kwaɓaɓɓiyar jar ƙasa ya dangwala a gefe. Da na bakwai ya bushe sai ya juyo ya ce, "Fasa shi." Ma'ana a goge fayil ɗin. A goge a kwamfutar hannunsa, a goge a filashin da muka kawo shi da shi, a goge a kwamfutar Oga Wale, kuma yana tsaye da sandarsa sai an buɗe kwandon shara an zubar a gabansa. Duk wanda ya sayi ɗaya kuwa, magana ɗaya yake gaya masa: bakwai ne a duniya, in ka taɓa ganin na takwas ka zo har gida ka tofa min yawu. Na ji ya faɗi haka ga wani likita, ga wata Baturiya, ga wani Alhaji mai tumatir a Mile 12 da ya so a ƙara masa ɗaya don ɗaya gidan nasa. Alhajin ya yi fushi ya tafi, Kawu ko a jikinsa.

To ga inda ni na shigo. A sana'armu ta gyaran waya, abu na farko da ake dukan yaro a kansa shi ne kada ka goge wayar mutum ba ka ajiye kwafi ba. Ko ya rantse maka ba ya son komai a ciki. Ina sabon shiga wata mata ta kawo waya ta ce in wanke ta tas, na wanke. Bayan kwana uku ta dawo tana birgima a ƙasa, ashe hotunan ɗanta da ya rasu suna ciki. Marin da oga ya yi min ranar har yau ina jin sa in an yi sanyi. Tun daga nan hannuna yake kwafa kafin kaina ya yi tunani. Ranar da Kawu ya fara cewa fasa shi, kafin mu bar gida na riga na tura fayil ɗin cikin wani ɗan memori nawa. Na goge sauran a gabansa, ya gyaɗa kai, muka hau mota.

Na farko zan iya cewa sabo ne. Na biyu da na uku ban da wannan uzurin. Ina gaya wa kaina tsoho ne, wata rana zai yi nadama ya ce ina ma, ni kuma in fito da shi in zama gwarzo. Kuma tunda yau gaskiya na zo faɗi, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa abin nan wata rana zai yi daraja. Cikin shekara huɗu ya yi zane goma sha tara. Duka goma sha taran suna cikin abin da bai kai farcen ɗan yatsana ba, na naɗe shi a takarda na manne a bayan murfin wata tsohuwar waya.

Na ƙarshe da ya yi shi ne randar matarsa, mahaifiyar Anti Rabi, wadda ta riga shi rasuwa da daɗewa. Shi ya gina mata randar suna amare, ta fashe shekaru bayan rasuwarta, ya adana gutsattsarin a wani buhu daban. Da su ya yi zanen. Shida aka saya, na bakwai ya ba Anti Rabi ta rataye a ɗakinta.

Bayan wata uku ciwon ya dawo. Da aka sallamo shi daga asibiti magana ta yi masa nauyi, sai ka matsa kake ji. Wata ranar Litinin bayan la'asar aka fito da shi bayan gida ya sha iska. Anti Rabi tana ba shi kunu da cokali. Ya yafito ni da hannun da ke motsi, na durƙusa.

Ya ce, "Bashari. Ka fasa duka?"

Na ce, "Na fasa, Kawu."

"Babu ko ɗaya?"

Na buɗe baki zan ce wallahi, ya ɗaga hannu ya tare ni. Ya ce, "Kar ka rantse. Maganarka ta isa."

Wayar tana aljihun wandona na dama a lokacin. Ina jin ta a cinyata.

Bayan kwana tara ya rasu. Da aka yi sadakar bakwai na bar gidan. Na je Apapa na bi wata tirela a matsayin yaron mota, na yi Kano, na yi Maiduguri, na dawo, na sake tafiya. Duk inda na je wayar nan tana tare da ni, ba na kunna ta, ba na kuma iya jefar da ita. Sau biyu na tsaya a kan gada da niyyar in sake ta cikin ruwa, sai in tuna aikin wata biyu-biyu ne na mutum mai hannu ɗaya, in mayar aljihu. Yanzu shekara biyu ke nan ina da ɗan teburin gyaran waya a Abule Egba, mafi daɗewar da na taɓa yi a wuri ɗaya.

A teburin nan nakan zauna in yi tunanin me Kawu zai ce da ya ga yau. Yaron da ke kusa da ni yana haɗa wa mutane hotunan biki da na siyasa, ba ya zana komai, rubuta wa waya yake abin da yake so ta haifo masa. Kwanaki na ce ya rubuta mata tulun Hausa mu gani. Kafin in ƙifta ido ta kawo huɗu, kowanne na ƙyalli, amma wuyan ɗaya ko a mafarki ba zai tsallake wuta ba, ɗaya kuma hannunsa a inda ba mai iya ɗauka. Na san Kawu ba zai zage ta ba. Mutumin da ya karɓi kwamfuta yana da shekara saba'in ba ya tsoron sabon abu, zai ce a miƙo ya gwada. Amma na san tambayar da zai yi: guda nawa take fitarwa? In aka ce ko nawa kake so, zai ce, to in ɗaya ya fita da aibi, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Wannan tambayar ce ban ga mai amsa ta ba a kasuwarmu, kuma ni ne na ƙarshen wanda ya isa ya yi wa wani gori a kanta.

Bara wata mata mai gidan nuna zane a Ikoyi ta neme ni har teburina. Tana shirya baje kolin ayyukansa. Ta ce ta san dokarsa, amma ta san kuma samari, ko akwai wani fayil da ya tsira? In akwai, za a iya sake bugawa da izinin iyali, sunansa ya je ƙasashen da bai je ba. Na ce babu. Ta daɗe tana kallona, ta bar katinta ta tafi. Ƙarya ɗaya ce, amma ranar na ga tana da fuska biyu: na gaya wa Kawu babu don in ɓoye laifina, na gaya wa matar babu don in kare maganarsa. Har na fara jin kamar na biya.

Sai damunar bana ta zo. Wata safiya ruwa ya ɓalle, kwata ta cika, ya shiga gidan Kawu har ƙirji. Anti Rabi tana kasuwa. Bangon ɗakinta ya jiƙe, ƙusa ta zare, hoton randar ya faɗa cikin ruwan. Da na je taya su kwashe laka na same ta zaune a kan bokiti da shi a cinyarta. Rabin sama yana nan. Rabin ƙasa, inda gindin randar yake, ya zama wani ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare. Matar da ko ranar jana'izar babanta ita ke ba mutane haƙuri, ga ta tana kuka kamar yarinya. Ta ce, "Bawa, babu randar, babu Inna, babu Baba, yanzu wannan ma."

Kwana biyu ban iya aiki ba. Na uku na ɓalle murfin tsohuwar wayar na hau motar Mushin. Dabarata ita ce Oga Wale ya buga min ɗaya, in kai mata in ce a cikin tarkacen shagonsa aka tsinta, gwaji ne da aka manta. Ba wanda zai cutu, haka na yi ta gaya wa kaina tun daga Oshodi.

Oga Wale ya tsufa, ya sa tabarau, amma ya gane ni. Ya rungume ni yana Bashiru, Bashiru, omo Baba, wato ɗan Baba da Yarbanci. Na miƙa masa memorin na ce akwai wani aiki. Ya soka a kwamfuta, sunayen suka jeru, ya buɗe na ƙarshe. Randar ta cika allon. Injin da ke bayansa yana ta buga fostar wani coci, shi kuwa bai motsa ba. Can ya cire tabarau ya ce da Yarbanci, "Wannan da hannuna na goge shi. Baba yana tsaye a nan, inda kake."

Na fara ba shi labarin ambaliya. Ya bar ni na gama. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, duk abin da aka kawo masa bugawa yake, ko hoton ɓarawo ne. Amma wannan, sai 'yar Baba ta zo da ƙafarta ta tsaya a gabansa ta ce a buga na takwas. In ta ce, zai buga kyauta. Ya zare memorin ya ajiye a kan tebur maimakon ya sa min a hannu. Ya ce, "Kuma in ba ka gaya mata ba kafin Juma'a, ni ina da lambarta."

Ban jira Juma'a ba. Na same ta tana shanya katifu a tsakar gida. Na faɗa mata duka a tsaye, ban iya zama ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Muhammadu Bashir." Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce, "Ina riƙe da cokali ranar. A gabana ya ce maganarka ta isa." Ta miƙo hannu, na sa mata memorin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Ta ce, "Ka san ma gado ne ka ɓoye? Nawa ne da na Umma, ba naka ba. Jeka."

Sati uku ba ta kira ni ba, ba ta ɗauki wayata ba. Ban san me take shiryawa ba. Tana iya zuwa Mushin, Oga Wale ya riga ya ce zai buga. Tana iya kiran matar Ikoyi, kuma ba wanda zai ga laifinta, tana da yara huɗu da gidan da ruwa ya ci. In ta yi ko ɗaya, mutum ɗari da wani abu da Kawu ya kalli idonsu ya yi musu alkawari, duk ya zama maƙaryaci a wurinsu yana kabari, kuma ni na jawo masa. Umma da ta ji, ba ta zage ni ba, na so ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi ita rabonta a ciki ta bi maganar yayanta, saura ya rage wa Rabi.

Ranar wata Lahadi da hantsi ta aiko in zo da kayan aikina. Muka zauna a bayan gida. Ta ce in sa memorin a wayata in nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Muka fara. Wasu ba ta taɓa ganinsu ba, don daga Mushin suke wucewa hannun masu saye. Kowanne ta kalla, ta tambayi na wace tukunya ce, in gaya mata, ta ce goge. Goma sha takwas muka yi haka. Da muka zo kan randar ta karɓi wayar daga hannuna. Ta buɗa hoton da yatsu biyu ta gangara ƙasa, inda ruwa ya cinye a nata. Ta ce, "Ashe akwai shuɗi a gindin. Shekara shida ina kallonsa ban lura ba." Aka kira azahar tana kallo. Aka idar tana kallo. Ni dai ina zaune ina jira.

Sannan ta danna da kanta. Ta miƙo min wayar, ta ce, "Ya tafi ke nan? Ku masu gyara ba ku da dabarar dawo da shi?"

Muna da ita. Duk wanda ya yi wata shida a Ikeja ya san abin da aka goge a memori yana nan kwance, cikin rabin awa zan tashe shi. Ita ba ta sani ba, kamar yadda Kawu bai sani ba. In na ce ya tafi, za ta yarda, in mayar da abina aljihu, wata rana in ta sake kuka ina da magani. Na ji kalmar ta taho har bakina, irin yadda ta taho wancan karon.

Na ce, "Bai tafi ba, Anti. Sai an karya shi."

Ta kalle ni, ta kalli jakar kayan aikina. Na ciro 'yar filayar da nake yanke waya da ita na miƙa mata. Ta ce, "A'a. Kai aka ce wa." Na datsa shi biyu, na sake datsa kowane rabi. Ko ƙara bai yi ba.

Ga duk wanda ke da aikin Kawu Idi rataye a gidansa, wannan saƙonku ne. Shekara shida bayan rasuwarsa akwai hanyar da za a iya buga na takwas, kuma a hannuna take. Ba a buga ba, kuma yanzu ba za a taɓa bugawa ba. Alkawarin da ya yi muku yana nan. Wanda ke da yawun tofawa, teburina yana Abule Egba, ba kabarinsa ba.

Ina ta auna abin da ya rage na mutumin nan. Tanderun ruwa ya rusa gefensa. Tukwanen suna gidajen da ba za a bar ni in wuce geti ba. Hotunan takarda ne, na ga abin da ruwan safiya ɗaya ya yi wa ɗaya daga ciki. Da ina ganin ni ne mai hankali, shi tsoho ne mai ɓarnar aikinsa, ni nake tsare masa abin da zai dawwama. Yanzu na ga abin da ya bari ba ya shiga memori. Wani Bayarabe a Mushin ya ƙi danna maɓalli ɗaya saboda mutumin da ba zai taɓa dawowa ya duba ba. Wata mata da ta rasa hoton randar uwarta ta zaɓi ta zauna da rabi. Ko ni, da na fi kowa cin amanarsa, da aka zo wurin ban iya maimaitawa ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sa ya yafe min.

Anti Rabi ba ta ce ta yafe ba tukuna, ni ma ban tambaya ba. Shekaranjiya dai ta turo saƙo. Ta ce bangon ɗakin ya bushe, ta kai hoton an sa masa sabon gilashi yadda yake, da tabon ruwan da komai. Ta ce in zo ranar Asabar da guduma da doguwar ƙusa, kuma wannan karon in kafa ta sama sosai.